Flatpak, Snap, AppImage ko deb: wanne zan ɗora wa ɗalibaina?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da 'yar cibiya da nake koya wa matasa kwamfuta, laftof 14 ne, duk na hannu. Da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, na duba na ga babu wadda ta cika sharuɗɗan Windows 11 a cikinsu, sai na bi shawarar da aka sha bayarwa a nan, na ɗora Linux Mint 22 a guda ɗaya don gwaji. Alhamdulillahi, tana gudu fiye da da.

Ga inda na tsaya. Na buɗe manajan manhajoji na nemi GIMP, manhajar gyaran hoto, sai na tarar da iri biyu. Ɗaya an ce fakitin tsarin ne, sigarsa 2.10, kuma ba shi da nauyi. Ɗayan an rubuta Flatpak, sigarsa 3, amma abin da zai sauke ya ninka na farko sau da yawa. Wani ɗalibina kuma ya ce a gidansu Ubuntu suke amfani da ita, can Snap ake cewa. Wani ya zo mini da fayil guda a filash ya ce AppImage ne, danna shi kawai ake yi. Ni da data nake saya da kuɗina, kuma kwamfuta 14 zan yi wa wannan aiki, wanne ya kamata in bi? Kuma me ya sa abu ɗaya zai zama kala huɗu?

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta ƙarshe zan fara ɗauka, don in ka gane ta, sauran za su zo da sauƙi.

Babu manhajar da take tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. GIMP tana buƙatar abin da zai zana mata maɓallai da tagogi, da abin da zai karanta hoton JPEG, da abin da zai fitar da haruffa. Mu kira su kayan haɗi. A tsohon tsari, irin na deb a Debian da Ubuntu da Mint, ko rpm a Fedora da openSUSE, gida ɗaya tukunya ɗaya ce. Kayan haɗin suna cikin tsarin, kowace manhaja daga nan take ɗiba. Shi ya sa fakitin bai yi maka nauyi ba, yawancin abin da yake buƙata yana kwamfutarka tun ranar da ka ɗora Mint.

Matsalar ita ce tukunyar ba ta canzawa. Mint 22 an gina ta a kan Ubuntu 24.04, wadda ta fito a Afrilun 2024. Abin da yake rumbunta a lokacin, shi za ka ci gaba da gani har ƙarshen wa'adinta a 2029, sai dai 'yan gyare-gyaren tsaro. GIMP 3 kuwa sai a Maris ɗin 2025 ta fito. Ka ga ba ta da hanyar shiga wannan rumbu.

Flatpak ya zo ne ya raba manhaja da tukunyar gida. Alexander Larsson na kamfanin Red Hat ne ya fara shi da sunan xdg-app, aka sake masa suna a 2016. Manhajar tana zama a kan wata shimfiɗa tata, wadda suke kira rantayim, ba ruwanta da ko Mint kake ko Fedora ko Arch. Nauyin da ka gani, yawancinsa na shimfiɗar ne da direbobin hoto, ba na GIMP ba. Sau ɗaya ake sauke shimfiɗa. Manhaja ta biyu da take kan irinta ba za ta sake jawo ta ba.

Baba Garba:
Injiniya, ka faɗi gaskiya amma ba ka ƙarasa ba. Shimfiɗar ba ɗaya ba ce. Akwai ta Freedesktop, akwai ta GNOME, akwai ta KDE. Ta Freedesktop duk watan Agusta ake fitar da sabuwa, ta GNOME kuma sau biyu a shekara, Maris da Satumba. Masu manhajoji ba sa ƙaura rana ɗaya. Wannan yana kan ta bara, wancan ya koma ta bana. Mutum mai manhaja shida yana iya wayar gari da shimfiɗa huɗu a kwamfutarsa. In kuma yana da katin Nvidia, duk sanda direbansa ya canza sai Flatpak ya sake sauke nasa kwafin da ya dace da shi.

Malam Nasiru, tun kafin a haifi wasu a zauren nan nake kan Debian. Shawarata: ɗalibin da yake koyon yanka hoto da gyara launi ba ya buƙatar GIMP 3. Ɗora ta rumbu, ka huta.

Sadiq:
Baba don Allah, to in shimfiɗa ta tsufa yaya ake cire ta? Tawa ma'ajiyar giga 128 ce kawai.

Injiniya Bello:
Ƙanena, buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta `flatpak uninstall --unused`, zai kwashe duk wadda babu mai amfani da ita. Kuma Baba, ranka ya daɗe, a ƙara da cewa Flatpak a kan wani tsari mai suna OSTree yake ajiya, fayil iri ɗaya ba ya zama sau biyu ko da yana cikin shimfiɗu daban-daban. Lissafin da manajan manhajoji yake nunawa sau da yawa ya fi abin da ake ci a zahiri.

Ɗan Damagaram:
Ni dai duk wannan lissafi bai taɓa shiga kaina ba kamar AppImage. A nan wajenmu, in mutum ɗaya ya samu intanet mai kyau ya sauke abu, to na unguwa ne gaba ɗaya. Kamar yadda ake tura manhajar waya ta Xender, haka nake yi da Krita da Kdenlive: fayil ɗaya, in kwafa a filash, in ba shi izinin gudu, shi ke nan. Ba kanti, ba rajista, ba kalmar sirrin mai kwamfuta. In ka gaji da shi ka goge fayil ɗin. Kuma ba baƙon abu ba ne, Simon Peter ya fara shi tun 2004 da sunan klik, ya girmi Snap da Flatpak da shekaru sama da goma.

Malam, kwamfuta 14 gare ka. Sauke sau ɗaya, ka zagaya da filash.

Auwal:
Ɗan uwa, AppImage ɗin nan yana da sharaɗin da ba a faɗa. Da yawansu suna neman libfuse2, kuma tun Ubuntu 22.04 ba ta zuwa da shi kai tsaye, a 24.04 ma sunan fakitin ya koma libfuse2t64. Mutum zai danna fayil ya ga shiru, bai san dalili ba. Sannan wanda ya gina shi a kan sabon tsari, ba lallai ya tashi a tsohon tsari ba. Ba a killace shi ba kuma, duk abin da kake iya taɓawa a kwamfutarka shi ma yana iya taɓawa. Fayil ɗin da ya bi ta hannu biyar kafin ya iso gare ka, da me za ka tabbatar shi ne wanda masu shi suka fitar? Wannan cinikin biri a sama ne.

Ni aikina kula da sabobi ne, kuma zan yi magana a kan Snap tunda na san za a zo kansa. Flatpak na manhajojin tebur ne, masu taga da maɓalli. Snap yana ɗaukar waɗannan, yana ɗaukar na tamina, yana ɗaukar masu gudu a bayan fage ba tare da an gan su ba, har ƙwayar tsarin kanta a Ubuntu Core. Nextcloud da umarni ɗaya nake tayar da ita. Masu Certbot da kansu Snap suke ba da shawara. Microsoft da kanta take saka VS Code a can. In sabuntawa ta zo da matsala, `snap revert` ya mayar da kai sigar baya. A yi masa adalci.

Baba Garba:
Za a yi masa adalci, Auwal. Amsa mini ɗaya: kantin Snap na wa ne?

Auwal:
Na Canonical ne, kamfanin da yake yin Ubuntu, Baba, ban musa ba.

Baba Garba:
To nan ne gizo yake saƙa. Abin da yake kwamfutarka, snapd, a buɗe yake, kowa na iya karanta kod ɗinsa. Amma sabar da take riƙe da kantin a rufe take, kuma kanti ɗaya snapd ya sani. Rumbun deb kuwa, jami'a tana iya kafa nata, ni ma ina iya kafa nawa a ɗakina. Flatpak ma, duk da ƙorafina a kansa, haka yake: kantin Flathub ne babba, amma Fedora tana da nata, elementary tana da nata, GNOME tana da na gwaji. Ranar da Flathub ya ɓata, a koma wani.

Kuma ku tuna abin da ya sa Mint da Malam Nasiru ya ɗora ba ta da Snap. Daga Ubuntu 19.10, in ka ce wa apt, mai ɗora fakitin deb, ya ɗora maka burauzar Chromium, fakitin fanko ne, aikinsa kawai ya jawo snapd ya ɗora maka na Snap. Ka nemi abu ta ƙofa ɗaya, an shigo maka da wani ta taga. Clement Lefebvre, jagoran Mint, da jama'arsa suka ce ba su yarda ba, a Mint 20 ta 2020 suka saka fayil ɗin nosnap.pref da yake hana apt ɗora snapd, daga baya suka riƙa gina Chromium da kansu. A 22.04 aka yi wa Firefox irin wannan. A 2023 kuma aka sanar cewa 'yan uwan Ubuntu irin su Kubuntu da Xubuntu za su daina zuwa da Flatpak kai tsaye daga 23.04. Mun bar Windows ne don kada kamfani ɗaya ya riƙe mana maƙogwaro.

Auwal:
Batun Chromium na yarda an yi kuskure a yadda aka yi shi, ya kamata a tambayi mutum. Amma ku dubi dalilin. Burauza kusan duk wata sai ta fitar da sabuwar siga, kuma dole a gina ta ga kowace Ubuntu da ake tallafa wa, har da masu shekara huɗu da biyar waɗanda kayan gininsu sun tsufa. Snap ɗaya ya wadatar da su duka. Na Firefox kuma da haɗin kan Mozilla aka yi, su ne suke wallafa shi. Nauyin tashi da aka yi ta kuka da shi a 2022 an rage shi sosai. Wanda bai so, tun Janairun 2024 Mozilla ta buɗe rumbun deb nata. Kuma nosnap.pref fayil ne kawai, mai son Snap a Mint ya cire shi.

Malama Zainab:
Ku ba ni dama in shigo ta wata kusurwa, don duk maganar da ake yi ta masu saukewa ce, ni kuma ina cikin masu rubutawa. Ina da 'yar manhaja da nake haɗawa ta koyon karatun ajami ga yara. Ni kaɗai ce, da daddare nake yi bayan na tashi daga aiki.

Baba, da girmamawa, in na bi hanyarka ga abin da yake gabana. In gina deb na Debian, in gina wani na Ubuntu don sigogin kayan haɗinsu sun bambanta, in gina rpm na Fedora, in rubuta na Arch. Ko kuma in jira wani mai kula da fakiti a Debian ya ga manhajar ajami ta burge shi ya ɗauke ta, ta shiga layi, ta jira fitowa ta gaba, wadda take zuwa kusan duk shekara biyu: Debian 12 a 2023, Debian 13 a 2025. Kafin ta isa hannun yaro a Katsina na gyara kurakurai hamsin da shi ba zai gani ba. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya tsaya gaban mutanen Debian a taronsu na 2014 ya koka da wahalar fitar wa Linux manhajar tebur, yana ba da misali da tasa manhajar ta masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa, Subsurface. In shi ya ji jiki, ina ga ni?

Da Flatpak fayil ɗaya nake rubutawa mai bayanin yadda za a gina ta, a gina sau ɗaya, ta yi aiki ko'ina. In mutum ya kawo mini ƙara, na san ainihin abin da yake hannunsa, don irin nawa ne.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2024 mai kula da KeePassXC, manhajar adana kalmomin sirri, a Debian ya cire duk abin da ya shafi sadarwa daga babban fakitin, har da haɗinta da burauza, ya mayar da su wani fakiti daban. Mutane suka sabunta, suka ga abubuwa sun ɓace, suka tafi wajen masu manhajar da faɗa, alhali ba su suka yi ba. A farkon 2025 masu OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyo, sun kai ga barazanar shari'a saboda Fedora ta gina nata Flatpak ɗin na OBS mai matsaloli, mutane suna ɗauka na asali ne. Daga baya sun zauna sun sasanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baba Garba:
'Yata, Allah ya yi wa aikinki albarka, kuma ban raina wahalarki ba. Amma mutumin nan da kike gani kamar shinge ne tsakaninki da jama'a, ni a wajena mai gadi ne. Ke mai amana ce. Ba kowa ba. Mai kula da fakiti shi ne yake cire abin leƙen asiri in mai manhaja ya saka, shi ne yake duba lasisi, shi ne ido na biyu.

Ga misali. A Satumban 2023 aka gano mummunar ɓaraka a libwebp, abin da yake karanta hotunan WebP. A Debian gyara ɗaya aka yi, duk manhajar da take ɗiba daga tukunyar gida ta warke a dare ɗaya. Waɗanda kuwa suka ƙunshe nasu kwafin a ciki, irin manhajojin da aka gina da Electron, sai da kowanne ya fitar da nasa gyaran, wanda mai shi ya yi watsi da shi kuma yana nan da ciwonsa. Sannan ƙofar bayan da aka dasa a manhajar matse fayiloli ta xz, wadda Andres Freund ya gano a Maris ɗin 2024, sigogi 5.6.0 da 5.6.1 ta shafa. Ta shiga rassan gwaji, amma ba ta kai ga tabbatacciyar Debian ba. Jinkirin nan da ake zagi, shi ya tsare mu.

Injiniya Bello:
Misalin libwebp mai ƙarfi ne, Baba, amma AppImage ya fi dukan. A Flatpak abin da yake cikin shimfiɗa gyara ɗaya ake masa kamar yadda ake yi a Debian, duk manhajojin da suke kanta su amfana. Inda maganarka ta kama shi ne abin da mai manhaja ya ƙunsa da kansa, da kuma manhajar da aka bari a kan shimfiɗar da wa'adinta ya ƙare.

Sai dai mai gadin ma ba ko'ina yake tsaye ba. A Ubuntu, rumbu kashi-kashi ne. Abin da yake main kamfani ya ɗauki alkawarin gyaran tsaronsa shekara biyar. Dubban manhajojin da suke universe kuwa a hannun 'yan sa-kai suke, cikakken alkawarinsu sai ta Ubuntu Pro, wanda yake kyauta ga mutum har kwamfuta biyar. Mint daga waɗannan rumbuna take ɗiba. Saboda haka kasancewar abu a rumbu ba ya nufin wani yana kwana a kansa. Masu gadin ma sun yi kaɗan. A 2023 Red Hat ta ce za ta daina kula da fakitin LibreOffice na rpm a sigoginta masu zuwa, ta nuna wa mutane Flatpak.

Hajiya Rabi:
Ni ba gwana ba ce, shagon buga takardu gare ni, kuma takardun mutane ne a kwamfutata: takardun filaye, sakamakon jarrabawa, hotunan fasfo. Ana ta cewa Flatpak da Snap a killace suke. In na ɗora abu daga can, ba zai iya ganin waɗannan ba ke nan?

Injiniya Bello:
Hajiya, kada ki dogara da kalmar kawai. Killacewar gaskiya ce, amma mai manhaja ne yake faɗin ƙofofin da yake so a bar masa a buɗe. Manhajar da aka rubuta da sabon salo, in tana son fayil, tsarin ne yake buɗe miki tagar zaɓe, ita kuma abin da kika zaɓa kaɗai take gani. Tsofaffi da yawa ba su koma wannan salo ba, sai su nemi izinin ganin dukan babban fayil ɗinki na gida. Wadda ta samu wannan, katangarta ta zama ta zana. Shafin Flathub yana nuna izinin kowace manhaja kafin ki ɗora, kuma akwai Flatseal da za ki rufe ƙofar da ba ki yarda da ita ba. A Snap ma akwai nau'in da ake kira classic, wanda ba a killace shi ko kaɗan, VS Code da Auwal ya ambata a cikinsa yake. Kuma killacewar Snap ta dogara da wani tsarin tsaro mai suna AppArmor, shi ya sa a Fedora, mai amfani da wani daban mai suna SELinux, ba ta cika.

Amma ki sani, deb da AppImage ba su da wannan katanga sam. Fakitin deb ma da cikakken ikon mai gida yake gudanar da umarninsa lokacin ɗorawa. Wanda kika tsinto a wani shafi ya fi komai haɗari.

Malama Zainab:
Hajiya, ki ƙara da duba wanda ya saka manhajar. Killacewa ba ta hana yaudara. A 2018 an kama wani wasa a kantin Snap yana haƙar kuɗin kirifto a ɓoye da kwamfutocin mutane. A 2023 da farkon 2024 kuma aka yi ta saka jabun asusun kirifto da sunan sanannun kamfanoni. Ba su fasa katangar komai ba, tambayar mutum kalmominsa na sirri kawai suka yi, ya rubuta da hannunsa, aka kwashe dukiyarsa. Bayan nan ne Canonical ya koma duba sababbin sunaye da hannu. A Flathub mutane ne suke duba sabuwar manhaja kafin ta shiga, kuma akwai alamar tantancewa da take nuna masu manhajar ne da kansu suke kula da ita. Mint 22 ma ɓoye marasa alamar take yi, sai in kin je saiti kin buɗe da kanki. Ki bar shi yadda yake.

Auwal:
Wannan ya faru, kuma abin kunya ne, ba zan kare shi ba.

Malam Nasiru:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka. Amma ku dawo da ni kan data, don tun da kuɗin kira da na data suka tashi a farkon 2025 nake lissafin kowace giga. Abu biyu nake tsoro: in sauke abu ɗaya sau 14, da kuma kwamfuta ta riƙa sabunta kanta ina tsakiyar darasi da hospot ɗin wayata.

Auwal:
Na biyun ya fi shafar Snap, don shi sau huɗu a rana yake leƙa kanti, in ya ga sabo ya sauke. Shekaru mutane suna roƙon a ba su damar tsayar da shi kafin a kawo `snap refresh --hold`. Akwai kuma saitin `refresh.metered=hold`, wanda yake dakatar da shi in ka nuna wa tsarin cewa layin nan na awo ne. Amma kai da kake Mint ba ka da shi ma, kuma ga irin aikinka ban ga dalilin da zai sa ka jawo shi ba. Flatpak shi kansa ba ya sabunta komai sai an ce masa. A Mint manajan sabuntawa zai nuna maka, kai za ka danna.

Injiniya Bello:
Na farkon kuma yana da magani, kuma Ɗan Damagaram zai ji daɗinsa. Flatpak yana iya zuba manhaja da shimfiɗarta a filash. Mutanen Endless OS, waɗanda suka gina tsarinsu don wuraren da intanet ba ta da ƙarfi, sun yi aiki sosai a kan wannan. A kowace kwamfuta ka fara da:

`flatpak remote-modify --collection-id=org.flathub.Stable flathub`

A wadda take da intanet ka yi `flatpak update`, sannan `flatpak create-usb`, ka ba shi hanyar filash ɗin da sunan manhajar, misali org.gimp.GIMP. A sauran kuma `flatpak install` tare da `--sideload-repo`, ka nuna masa .ostree/repo da yake cikin filash ɗin. Bambancinsa da yawo da AppImage shi ne sa hannun Flathub yana biye da kayan, in an taɓa su a hanya za a gane. Ba ya aiki da irin su Chrome da Spotify, don su lokacin ɗorawa suke jawo ainihin kayansu daga sabar kamfaninsu.

Ɗan Damagaram:
Wallahi ban san da wannan ba. Zan gwada. Amma Injiniya ka duba tsawon abin da ka rubuta, ka kwatanta da kwafa da liƙawa. Ranar da suka mayar da shi maɓalli ɗaya a manajan manhajoji, ni ne farkon mai komawa. Kafin nan, ina ɗauko AppImage daga shafin masu shi kaɗai, ina kuma gwada lambar tantance fayil ta SHA256 da suka wallafa kafin in raba wa mutane.

Baba Garba:
Malam Nasiru, akwai hanyar da ta fi duk wannan sauƙi ga mai aji. Gyara kwamfuta ɗaya tsaf, ka ɗora duk abin da kake so, ko deb ne ko Flatpak, sannan ka ɗauki hotonta gaba ɗaya da Clonezilla ka zuba wa sauran. Ka tuna ka canza wa kowacce suna. Don sabuntawa kuma ka saka apt-cacher-ng a guda ɗaya, sauran su riƙa bi ta kanta. Fakitin da ɗaya ta sauke, sauran 13 daga cikin ɗaki za su ɗauka.

Kuma tunda an matsa mini, ga iyakar da na yarda da ita. Tsarin kansa, da direbobi, da burauza, da LibreOffice da Mint ta zo da ita, a bar su a rumbu. Manhajar da sabuntarta take da amfani na gaske, ko wadda babu ita a rumbu kamar ta Zainab, a ɗauko ta Flathub, mai alamar tantancewa.

Injiniya Bello:
Baba, ai nan duniyar ta nufa. Na'urar wasa ta Steam Deck da Valve ta fitar a 2022 haka take, tsarin a kulle, manhajojin tebur daga Flathub. Fedora Silverblue ma haka. Inda muka rabu da kai shi ne yawan abin da za a bari a kowane ɓangare.

Malama Zainab:
Malam, kafin ka ɗauki hoton Clonezilla, ka saka abubuwan Hausa don su bi sauran. A saitin allon rubutu akwai tsarin Hausa na Najeriya mai ɓ da ɗ da ƙ, kuma da yake a matakin tsarin yake, yana aiki a kowace irin manhaja. Ga ajami ka ɗora haruffan Alkalami, waɗanda SIL ta zana a kan salon rubutun Kano, da Harmattan. Suna rumbu da sunan fonts-sil-alkalami da fonts-sil-harmattan. Manhajojin Flatpak suna ganin haruffan da aka ɗora a tsarin, ba sai ka sake saka su ba. In ka yarda zan turo maka tawa ɗalibanka su gwada, ina son in ga yadda take a tsofaffin kwamfutoci.

Malam Nasiru:
Na dawo da rahoto. Na bi tsarin Baba: GIMP ta rumbu na bari don darasin farko, Kdenlive da Inkscape na ɗauko daga Flathub saboda 'yan ajin gaba. Na saka haruffan da Malama Zainab ta ce, ki turo manhajar, muna jira. Bayan wadda na gyara, Clonezilla ta yi aiki a guda 11 cikin yini biyu, da an bar mana wuta da yini ɗaya ya isa.

Saura biyu sun ƙi. Ko filash ɗin Mint ba sa tashi da shi, suna rubuta wani saƙo a kan x86-64 da i686. Me ke nan?

Baba Garba:
Waɗannan biyun masu 32-bit ne, Malam. Mint 22 ba ta da irinsu, Flathub ma x86_64 da aarch64 kaɗai yake ginawa, kuma yawancin AppImage na yanzu ba za su tashi a kansu ba. Debian 13 ta daina fitar musu da faifan ɗorawa, Debian 12 ce ta ƙarshe. Ita za ka nema, ta i386, ka zaɓi teburin Xfce don ya fi sauƙi, komai kuma daga rumbu. Turo mini girman RAM ɗinsu tukuna, in bai kai giga 2 ba LXQt za mu saka.